Idan Inna Ta Kasa Wuni Ita Kaɗai: Yadda Ake Zaɓar Gidan Zama Mai Taimako a Amurka

Mun kawo iyayenmu ƙasar nan don su huta. Haka muka faɗa wa kanmu ranar da muka cike takardu, haka muka faɗa wa dangi a Kumasi da Maraɗi da Kano. Sai ga tsohuwa a hawa na biyar a Bronx ta birnin New York, an ja mata ƙofa tun shida na safe. Ɗa ya fita tuƙin tasi, suruka ta tafi kula da tsohuwar wasu, jikoki suna makaranta, ko sun dawo Hausarsu ba ta wuce "ina wuni". Da a gida ne tana kan tabarma a tsakar gida, wannan ya leƙo, waccan ta aiko da koko. A nan har rana ta faɗi babu mai yi mata sallama.

Na yi shekaru ina aikin kula da tsofaffi a New York, gida-gida da kuma a irin wuraren da zan yi magana a kansu. Abin da na lura shi ne mutanenmu sai an faɗi suke motsi. Tsohuwa ta zame a banɗaki, ƙugu ya karye, an kwana shida a asibiti, sai jami'ar walwala ta ce jibi za a sallame ta, ina za ku kai ta? A wannan lokaci duk inda gado ya samu nan ne. Tun ran gini ran zane, shi ya sa nake rubuta wannan.

Ku fara sanin wane irin gida ake nufi

Da an ambaci gidan tsofaffi, Bahaushe gidan gajiyayyu yake gani, wurin wanda ba shi da kowa. A Amurka abubuwa biyu ne daban. Akwai gidan jinya na dindindin, mai ma'aikatan jinya dare da rana, na wanda ciwo ya kwantar. Akwai kuma gidan zama mai taimako, na wanda bai kwanta ba amma ba ya iya yi wa kansa komai da komai. Mutum yana da ɗakinsa da makullinsa da banɗakinsa, sau da yawa har da ɗan wurin dafa shayi. Ana dafa abinci sau uku, ana shara da wanki, ana ba da magani a kan lokaci, ana taimakawa da wanka da sa kaya, kuma in ya danna maɓalli da tsakar dare akwai mai zuwa.

Tsarin ya samo asali ne a birnin Portland na jihar Oregon a farkon shekarun 1980. Keren Brown Wilson ce ta buɗe wani gida mai suna Park Place, bayan ta ga yadda mahaifiyarta, wadda ɓarin jikinta ya shanye, take ƙin zaman gidan jinya. Hikimar ita ce tsoho ya riƙe mulkin ɗakinsa: ya kwanta lokacin da ya so, ya rufe ƙofarsa, ya zauna cikin kayansa. Ku riƙe wannan a rai, da shi za ku auna duk gidan da kuka shiga, domin da yawa sunan kawai suka ara.

Amfaninsa ga tsoho a bayyane yake. Hukumar CDC, mai yaƙi da cututtuka a Amurka, ta ce cikin kowane mutum huɗu da suka kai shekara 65, ɗaya yana faɗuwa a shekara. Banɗaki mai marikin hannu da mutum a kusa suna rage wannan sosai. Maganin hawan jini da na suga ba ya tsallake rana. Sai mutane, ko da ba a jin yaren juna. Amfanin da iyali ke jin kunyar faɗa kuwa shi ne barci. Na ga matan da suka yi shekara biyu ba su yi barcin awa huɗu a jere ba, suna aikin dare suna jinyar rana, har bakinsu ya fara sakin maganar da ba ta dace a faɗa wa uwa ba. Bayan an samu masu ɗauke wanka da wanki, sai ka ga 'ya ta zo ta zauna tana tsefe wa uwarta kai suna hira.

Amma wurin ba asibiti ba ne. Da dare ma'aikata kaɗan ne. Kuma kowace jiha da dokarta, gwamnatin tarayya ba ta tsara su kamar yadda take tsara gidajen jinya, don haka abin da aka yarda a yi a Ohio ba lallai a yarda da shi a New York ba.

Mako guda da littafi

Kafin ku kira kowa, ku sayi ɗan littafi ku yi mako guda kuna rubuta abin da kuka gani da idonku game da tsohuwar. Likitoci suna duba abu shida: wanka, sa tufafi, zuwa banɗaki, tashi daga gado ko kujera, riƙe fitsari da bayan gida, da kai abinci baki. Ku ƙara namu: tana iya ɗaga ƙafa ta yi alwala? Tana iya tsarki ita kaɗai? Daga nan sai magani, girki, waya da kuɗi. Ta taɓa barin tukunya a wuta? Kwalbar maganin wata guda ta ƙare a kwana ashirin, ko ta kai wata biyu?

Kada ku tambaye ta, "lafiya lau" za ta ce ko da ta kwana a ƙasa.

Ku kai littafin wurin likitanta. Ruɗewar da ta zo farat ɗaya sau da yawa ba gigin tsufa ba ce. Ciwon mafitsara, ko magunguna da suka yi karo, ko kunne da ya toshe suna iya kawo ta, kuma ana magance su. In kuwa gigin tsufa ne na gaske, har tana buɗe ƙofa za ta tafi kasuwa a garinsu, to sashen masu mantuwa za ku nema, mai ƙofa a tsare, kuma ya fi tsada. Wanda ke buƙatar ma'aikaciyar jinya a kansa kullum, gidan jinya ne nasa.

Maganar da ta fi wuya

Da tsohuwar za a fara, ba da 'yan uwa ba. Wata maƙwabciyata ta yi dabarar da na yaba. Ba ta ambaci gida ba sam, cewa ta yi, "Inna, in na fita aiki me ya fi damunki?" Tsohuwar ta yi shiru, can ta ce, "'Yar nan, tsoro nake in mutu ba wanda zai lanƙwasa ni." Daga nan magana ta buɗe. Wata tsohuwar kaɗaici ne damuwarta, wata kuma ba ta son ɗanta namiji ya ga tsiraicinta, ta gwammace baƙuwa mace ta yi mata wanka. In hankalinta yana nan kuma ta ce a'a, doka ma ba ta ba ku ikon ɗaukarta dole ba.

Sannan 'yan uwa, har da na gida. Ku shirya jin "ka kai uwarka gidan gajiyayyu". Yayan da ke Kano bai taɓa ganin hunturun da tsohuwa za ta yi wata uku ba ta taka waje ba, don haka kada a yi faɗa da shi. A karanta masa littafin nan, a tambaye shi wace shawara yake da ita. In akwai malamin da iyali ke ji, a zauna da shi. Ni dai abin da na fahimta shi ne an ɗora mana kyautata musu, kuma barin tsohuwa awa goma sha biyu a kulle don gudun bakin mutane bai yi mini kama da kyautatawa ba.

A zaman nan a baje sauran hanyoyi, domin wataƙila ma ba sai an kai ga ƙaura ba. Ana iya ɗaukar mai kula ta zo gida. A New York, Medicaid (tallafin lafiya na gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi) yana da shirin CDPAP, wanda ke biyan ɗa ko 'ya kuɗin kula da iyaye, ban da miji ko mata. Akwai shirin PACE na 'yan shekara 55 zuwa sama, mota ta ɗauki tsoho da safe zuwa cibiya mai likita da abinci, ta dawo da shi da yamma. Asalinsa On Lok ne a unguwar 'yan China ta San Francisco a farkon shekarun 1970, baƙi ne irinmu da ba sa son rabuwa da tsofaffinsu. Ba kowace jiha ke da shi ba.

Sai komawa gida, wadda ga wasu ita ce daidai. A dai yi lissafi: Medicare, inshorar lafiyar tsofaffi ta gwamnati, ba ya biyan magani a Najeriya ko Nijar ko Ghana, kuɗin SSI, tallafin wata-wata na tsofaffi marasa ƙarfi, yana tsayawa in mutum ya yi kwana talatin a waje, mai girin kad kuma in ya shekara a waje ba tare da takardar izinin dawowa ba yana iya rasa shi. Kuma a faɗi sunan wanda zai yi jinyar. "Ai akwai dangi" ba suna ba ne.

Kuɗi

Nan mutane suka fi ruɗuwa. Binciken kamfanin Genworth na 2023 ya nuna matsakaicin kuɗin wata a gidan zama mai taimako dala 5,350 ne, kuma a manyan birane ya fi haka. Medicare ba ya biyan wannan. Abin da yake biya shi ne ɗan zaman farfaɗowa a gidan jinya bayan kwanciyar asibiti, iyakarsa kwana 100, shi ma da sharuɗɗa. Medicaid a jihohi da yawa yana biyan kuɗin kulawa, amma ba ya biyan ɗaki da abinci, ba kowane gida ke karɓarsa ba, kuma akan yi layin jira.

Ga iyayen da muka ɗauko akwai ƙarin ƙulli. Dokar 1996 ta sa mafi yawan masu girin kad jiran shekara biyar kafin Medicaid na tarayya, kodayake wasu jihohi, ciki har da New York, suna cike giɓin da kuɗinsu. Wanda bai yi aikin shekara goma a ƙasar ba yana iya sayen Medicare bayan zaman shekara biyar a jere. Wanda ya sa hannu a takardar I-864 lokacin nema wa iyaye girin kad kuma ya tuna ya ɗauki alkawarin ɗaukar nauyi ne a gaban doka.

Ga wani tarko da ya fi kama mutanenmu. In an nemi Medicaid na kulawar dogon lokaci, mafi yawan jihohi suna duba kuɗin da ya fita daga hannun tsoho a shekara biyar da suka wuce. Kuɗin da Baba ya tura aka yi rufin gida a Zongo, ko aka aurar da jika, a wurinsu kyauta ce, kuma tana iya jawo a jinkirta tallafin. Kafin a taɓa asusun tsoho a ga lauyan da ya ƙware a harkar tsofaffi. Kuɗin awa ɗayansa ya fi asarar wata shida sauƙi.

Shawara kyauta tana ofishin kula da tsofaffi na yankinku. Layin gwamnati na Eldercare Locator, 1-800-677-1116, zai haɗa ku da shi. Kamfanonin da ke tallar nema muku gida kyauta kuwa dillalai ne, gidajen ke ba su la'ada, don haka waɗanda ke biyansu za su nuna muku.

Zagaye

Ku zaɓi gida uku ko huɗu, kuma kusanci ya zo farko. Gida mai fure da ƙyalli da ke nisan awa guda, za a je shi sau biyu a wata. Mai sauƙi da ke kan hanyar aikinku za a leƙa shi kullum. Ku duba rahoton binciken hukumar da ke ba su lasisi, a New York ma'aikatar lafiya ta jiha ce.

Zuwan farko za a zagaya da ku a ba ku shayi. Na biyu shi ne na gaskiya: ku je ba sanarwa, da magariba ko ranar Lahadi. Ku shiga da hancinku. Ku tsaya a baranda ku ga minti nawa ake yi kafin a amsa ƙararrawa. Ku dubi farcen mazauna da gashinsu. Ku lura ko ma'aikaciya tana ƙwanƙwasa ƙofa kafin ta shiga. Ku ja ɗaya gefe ku tambaye ta shekararta nawa a wurin, kuma mutum nawa ke hannunta da dare; inda ma'aikata ba sa daɗewa akwai dalili. Da yawansu 'yan Afirka ta Yamma ne, in Allah ya sa kuka dace da mai jin Hausa ko da ta kasuwa ce, ku ɗauke shi da muhimmanci, ya fi kujerun falo daraja.

Sai tambayoyinmu, waɗanda babu mai kawo su in ba ku ba. Mace ce za ta yi wa mace wanka kowace rana, har da ranar hutu? Yaya ake raba abincinta da naman alade, har da romo da kitsen suya? In babu naman halal, za a ba ta kifi da ƙwai da wake? An yarda a kawo tuwo daga gida, akwai inda za a ɗumama? Ma'aikata za su bar buta a banɗaki, su gane cewa jiƙa ƙafa sau biyar a rana ba ruɗewa ba ce? A nan ku nemi kujerar wanka da shimfiɗar da ba ta santsi, domin ruwan alwala a kan tayil ya kayar da tsofaffi da yawa. In azumi ya zo, za a ajiye mata sahur a kuma sauya lokacin magani bisa umarnin likita? Mai ciwon suga dai likita da malam su yi magana da ita tun Sha'aban. Har ƙarfe nawa ake ziyara, kuma mutum goma sha biyar za su iya shigowa ranar Sallah?

Ku tafi da ita zuwa na biyu ko na uku, ta ci abincin wurin. Gidaje da yawa suna ba da zaman gwaji na mako biyu ko wata. Tsohuwar da aka ce wa "gwadawa za mu yi" ta fi sakin jiki, muddin da gaske ake in ta ƙi za a dawo da ita.

Takardar yarjejeniya

Kada a sa hannu ranar da aka ba ku. Kuɗin da aka faɗa da baki yawanci na ɗaki da abinci ne. Kulawa hawa-hawa ce, kowane hawa da farashinsa, kuma su ke yanke hawan da take. Ku tambayi wa ke aunawa, sau nawa, da nawa aka ƙara a shekara uku da suka wuce. Akwai kuɗin shiga na sau ɗaya, ku ji ko ana mayarwa. Ku nemi sakin layin da ya faɗi dalilan da za su sa a ce ta tashi da kwanakin sanarwa. In kuɗinta ya ƙare ta koma Medicaid za su riƙe ta? A rubuta, alkawarin baki yana tafiya da manajan da ya yi shi. In an sa sharaɗin cewa ba za ku kai ƙara kotu ba sai wurin mai sasanci, ku tambaya ko ana iya cire shi. Mai sa hannu kuma ya rubuta cewa a matsayin wakilinta yake yi, kada bashin ya hau kansa.

Tun hankalinta na nan a yi takardu biyu: wakilcin harkar kuɗi, da wakilcin yanke shawarar magani. Ba tare da su ba, ranar da ta kasa magana ana iya kaiwa ga zuwa kotu.

Ƙaura da bayanta

Ku riga ta zuwa ku shirya ɗakin. Bargonta, dardumarta, carbinta, rediyonta, hotunan jikoki, da alamar alƙibla a bango. Turaren wuta ba zai yiwu ba saboda na'urar hayaƙi, a kawo humra. A manna takarda a ƙofar banɗaki da kalmomi goma da fassararsu: ruwa, ciwo, sanyi, fitsari, sannu. A gaya wa ma'aikata yadda ake kiranta. Matar da ta shekara hamsin ana ce mata Hajiya ko Inna, yarinya ta kira ta da sunan yanka, ranar ba za ta ci abinci ba.

Makonnin farko da wuya. Za ta yi kuka, wataƙila ta ƙi kallonku. In aikinku ya cika sharuɗɗan dokar FMLA, kuna da hutun da ya kai mako 12 ba albashi don kula da iyaye, ana iya ɗaukarsa gutsi-gutsi. A raba kwanaki tsakanin 'ya'ya da jikoki da matan masallaci, a riƙa sauya lokacin zuwa. Na yi aikin, na sani: ɗakin da ba a san yaushe dangi za su faɗo ba shi ake fara gyarawa. Ku gaishe da ma'aikata da sunansu, ranar Sallah a kai musu abinci. In kun zo ku duba diddige da ƙugu da baya saboda gyambon kwanciya, ku lura ko zobe ya fara yi mata yawa, ku nemi ganin takardar magani.

In abu ya faru, a fara da shugabar ma'aikatan jinya, a rubuce, da kwanan wata. In ba a gyara ba, kowace jiha tana da ofishin Ombudsman mai karɓar koken mazauna irin waɗannan gidaje, kyauta ne kuma ba a ƙarƙashin gidan yake ba. Duka ko sata kuwa, hukumar jiha da 'yan sanda kai tsaye.

Saura takarda guda, wadda ba ma son rubutawa. A sa a fayil ɗinta cewa Musulma ce, in ta cika a kira wane da wane ko ƙarfe nawa ne, kada a ƙona, kada a sa maganin adana gawa, ga lambar masallaci da ta gidan jana'izar da ke aiki da Musulmi. A tabbatar masu aikin dare sun gan ta, domin manaja ba ya nan da ƙarfe uku na dare. Tsohuwar maƙwabciyar tawa sai da aka karanta mata wannan takarda da Hausa, aka nuna mata inda aka ajiye ta, sannan ta ce a ɗauko mata akwatinta.